Iddar Matar Mai Hawa Ƙarfe

Baƙin salatif na fara gani.

An naɗa shi sau uku a bakin wani ɗan abu ruwan ɗorawa mai kama da rediyon aljihu, wanda ke maƙale a jikin ɗamarar da mijina Nu'uman yake ɗaurawa in zai hau ƙarfen sabis. Shekara huɗu ina ɗauke wannan ɗamara daga kan kujera ina rataye ta bayan ƙofa, ban taɓa lura ba sai ran nan.

"Injiniya, wannan fa? Fashewa ya yi?"

Yana zaune yana ɗaure igiyar takalmi. Bai ɗago ba.

"Lafiyarshi lau. Surutu ya cika, shi ne na rufe mashi baki."

"Surutu kuma?"

"Kuka yake in mutum ya matsa kusa da eriya tana aiki. Ƙa'ida ita ce a kira ofis su kashe kafin a hau. To ki kira su da safe, sai azahar su amsa maki, gari guda kuma ya rasa sabis ana ta tsine mana. Duk abokan aikina haka suka yi wa nasu."

"Ba illa yake faɗa maku ba?"

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar, na ɗan lokaci kaɗan. Sai ya yi murmushi.

"Ummuna ke nan... Karatun nan naki ba ya barin ki huta."

Kafin in ce wani abu muka ji sallama daga tsakar gida, irin sallamar da ba ta jiran amsa. Yaya Halima ce, yayarsa. Ta shigo da jarka a hannu, saƙon mahaifiyarsu, ta dire ta a tsakiyar falo har ruwan ciki ya yi tsalle. Baƙi ƙirin ne, da saiwoyi suna yawo a sama.

Na durƙusa na gaishe ta.

"Lahiya lau, amaryar shekara huɗu. Ga shi in ji Hajiya. Daga Batagarawa aka amso. Kofi guda da safe, kofi guda da marece."

"Na gode, Yaya. Allah Ya saka."

"Ki dai sha, kar ki zubar a makwarara. In ma wani abu kika sha a jami'a, wanga zai wanke shi."

"Wallahi Yaya ban taɓa..."

"Ni na ce kin sha? Cewa na yi in ma! Mu da ba mu yi boko ba ai muna jin labari. Su sha ƙwaya shekara huɗu don kar ciki ya ɓata masu karatu, sannan su zo su zauna ma ɗan mutane a gida kamar hoto!"

Na juya na kalli Nu'uman.

Kalma ɗaya nake nema. Ko da "Haba Yaya" ce.

Ya miƙe, ya karɓi ɗamarar daga hannuna, ya saɓa jaka.

"Na makara. Garin Mashi za mu yau, sai Alhamis."

Ya fita.

Na sha kofin farko a gaban Yaya Halima. Ɗacinsa ya kai min har cikin kunne.

*

Sunana Ummukulthum. Ilimin halittu na karanta a jami'a, na fito da sakamako mai kyau, amma har na gama akwai 'yan ajinmu da ba su san muryata ba. Ni mai kallo ce. Na fi gane mutum ta yadda yake riƙe kofi a kan ta maganarsa.

Akwai ƙarfen sabis a bayan gidanmu na Ƙofar Kwaya. Ina shekarar ƙarshe, wata rana da zafi, aka yi sallama a zaure ana neman ruwan sha. Na kai. Wani dogon saurayi ne da hular kwano, gumi ya jiƙa masa riga. Ya shanye ya ce, "Daga can sama na ga wata tana karatu ƙarƙashin bishiyar darbejiya, awa uku ba ta motsa ba. Na ce bari in sauko in gani ko mutum ce."

Na gudu na bar masa kofin.

Washegari ya dawo da shi. Bayan wata tara aka ɗaura mana aure.

Ya so ni, wannan ba na shakka. In ya dawo daga tafiya sai ya kwanta ya sa kansa a cinyata, yana ba ni labarin yadda gari yake daga sama, yadda hasumiyar Gobarau ke komawa kamar ɗan yatsa. Amma tafiyar ta fi zaman yawa. Kwana huɗu, kwana biyar. Ni da agogon bango, da muryar 'ya'yan maƙwabta ta bayan katanga.

Asibiti kuwa na je har ma'aikatan kati sun san ni. Hoto, jini, gwajin da sai da na kwana biyu ina ciwon mara. Duk likitar da ta duba sai ta ce, "Ke lafiyarki ƙalau. Maigidan fa?"

Ni kuma sai in sunkuyar da kai.

Wannan satin ban yi komai ba sai karatu a waya. Na karanta abin da masu bincike suka rubuta a kan tiririn da eriya ke fitarwa, wanda ido ba ya gani. Wasu sun ce in ya yi yawa kuma mutum yana dab da shi, yana ɗumama jiki, yana raunana ƙwayoyin haihuwar namiji. Wasu sun ce hujjar ba ta gama ƙarfi ba. Amma babu wanda ya ce a toshe bakin na'urar gargaɗi a hau.

Ranar Juma'a da ya dawo daga masallaci, na ajiye masa abinci, na zauna nesa kaɗan. Tun safe nake maimaita maganar a zuciyata.

"Injiniya..."

"Na'am, hasken gidana."

"Don Allah... da za ka je kai ma a duba ka."

Ya ajiye cokali.

"Ba wai ina zarginka ba ne, wallahi. Aikin nan naku ne. Ga wayoyi biyu kullum a aljihun wando, ga kwamfuta a cinya. Na karanta cewa..."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Na ɗauka fushi ya yi, har na fara shirya ban haƙuri. Sai ga shi da wata takarda da aka ninke ta har ta yi laushi. Ya ajiye a gabana, ya koma jikin bango ya tsaya.

Takardar gwaji ce. Na iya karanta irinta. Adadin ƙwayoyin haihuwarsa ya yi ƙasa sosai, masu motsi a ciki kuma ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Sai idona ya sauka a kan kwanan wata.

Na sake dubawa.

"Wata biyar..."

Ya kawar da kai.

"Wata biyar da suka wuce ka yi wannan?"

"Ummu..."

"Jarka nawa na sha a wata biyar, Nu'uman?"

Ban taɓa kiran sunansa ba sai ranar. Shi ma ya ji, don sai da ya runtse ido.

"Kana zaune! Kana kallona ina toshe hanci ina sha! Kana ji Yaya Halima ta ce na sha ƙwaya, ka ɗauki jaka ka ce ka makara!"

"Na kasa, Ummu. Wallahi na kasa. Sau nawa na buɗe baki... In ce wa Hajiya mi? Ni kaɗai ne namiji a ɗakinta. In ce mata sunan Baba a kaina zai tsaya?"

"Ni kuma fa? Ni ba ɗiyar kowa ba ce?"

Ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu.

"Likitan mi ya ce?"

"Ya ce ba zai rantse ƙarfen ne ba. Zai iya zama shi, zai iya zama wani abin. Ya ce in bar hawa wata uku a sake gwadawa."

"Ka bari?"

Ya girgiza kai.

"In na bari, kowa zai tambayi dalili."

Na tashi na shiga ɗaki na tura ƙofa. Da na san abin da zai biyo baya, da na zauna a wurin ko zuciyata za ta fashe.

Da safe bayan ya fita na tarar da takarda ƙarƙashin filas ɗin shayi.

"Ni Nu'uman na saki matata Ummukulthum saki ɗaya. Ba ta yi min laifin komai ba."

A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: "Kina da haƙƙin ki ga ɗanki. Ki yafe min, Ummuna."

*

Baba, Malam Sada, tsohon malamin firamare ne. Tun rasuwar Inna shi kaɗai yake zaune a gidan. Da ya karanta takardar ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"A shari'a a ɗakinki ya kamata ki yi idda, ɗiyata."

"Yaya Halima ta riga ta zo da mota an kwashe kayan, Baba."

"Mi ya haɗa ku?"

"Ba komai."

Ya dube ni ta saman tabarau. Bai sake tambaya ba. Halinmu ɗaya da shi.

Na koma ɗakina na 'yanmatanci. Gadon ya yi min ƙanƙanta, ko kuwa ni ce na saba da barin wuri a gefen dama. Da safe in dafa mana koko, Baba ya tafi majalisarsu, in share tsakar gidan da babu wanda ya ɓata. In na ɗaga kai, ga ƙarfen sabis a bayan katanga. Na mayar da kujerata ta ba shi baya.

Magana kuwa tana zuwa har gida. Wata maƙwabciya ta dawo daga suna a Ƙofar Sauri, ta shigo wai ta duba ni.

"Ke dai ki yi haƙuri. Halima na can tana faɗa wa mata wai likita ne ya tabbatar mahaifarki ta ƙone da ƙwaya. Har ta fito mashi da wata, Ramla, ɗiyar ƙawarta. Kullum da kular abinci ake aikawa."

"Allah Ya sa alheri," na ce.

Kalma biyar za su wanke ni. Ina da su a bakina. Na san adadin da ke jikin takardar nan kamar lambar wayata.

Na haɗiye.

Ban san ko so ne ba, ko kuwa wauta. Na dai san in na faɗa, gobe a kasuwa za a ji, kuma ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba.

Bai kira ba. Ni ma ban kira ba. Sai dai in buɗe sunansa a waya in yi ta kallo har hasken ya mutu.

Ranar da na cika kwana hamsin da shida a gida, da hantsi, aka yi sallama da Baba. Gwadabe ne, abokin hawan Nu'uman, gajere mai ƙaton ciki wanda har yau ban gane yadda yake kai kansa sama ba. Bayan sun gama gaisawa ya nemi a kira ni. Baba ya ba mu wuri a zaure.

"Madam, ina kwana, ya haƙuri? Kin rame fa. Ku biyun nan kun zama kamar igiyar shanya."

Na sunkuyar da kai.

"Ni dai ba a aiko ni ba. In ya ji na zo sai ya jeho ni daga sama. Au, na manta, ai ya bar hawa."

Na ɗago da sauri.

"Ya bari?"

"Tun washegarin abin nan. Ya ce ma oga jiri yake gani. Jiri! Mutumin da ke cin gyaɗa a mita sittin! Yanzu yana ƙasa yana duba janareto. Wayoyinshi ma a jaka yake sa su, sai ki kira sau goma. Ya koma sa wando buje kamar liman."

Dariya ta so kufce min, hawaye suka riga ta.

"Ya gaya min komi, Madam. Ni kaɗai. Na ce mashi kai, ni shekara goma sha biyu ina hawa, ɗiyana shida, na bakwai na hanya. In ƙarfe na hana haihuwa ai da matata Sabuwa ta huta! Ya ce likita ya ce jiki ba ɗaya ba. To, Allah Shi ne masani. Ni dai na ɓare salatif ɗin nawa, don Sabuwa ta ce bakwai ba su ishe ta ba."

"Yana lafiya?"

"Yana nan ɗakin soro gidan Hajiya. Abincin yarinyar nan Ramla, mu ke cinyewa a wurin aiki. Gishiri ya yi mata yawa." Ya gyara zama, ya rage murya. "Abin da ya kawo ni ke nan. Ya zagaye wata rana a kalanda da jan biro. Sha takwas ga watan gobe. Ran nan zai sake gwaji. Ya ce in abu ya gyaru, daga asibiti nan zai yo ya maida ki, saura kwana biyu idda ta cika. In bai gyaru ba, ya bar ki ki samu rabonki. Na ce bari in gaya maki ki daina kuka, ki yi ta addu'a."

Na ƙura masa ido.

"Sha takwas ga watan gobe?"

"Ƙwarai. Idda wata uku cif, ya ƙirga kwana casa'in."

Na yi masa godiya. Ban san yadda na yi ba. Yana fita na jingina da bangon zaure.

Kwana casa'in!

Haka maza da yawa suke ɗauka, idda wata uku ce. Amma ni na zauna gaban malamarmu ta Islamiyya. Iddar mace mai al'ada ba da kalanda ake lissafa ta ba, da tsarki ne. Tsarkin da aka sake ta a ciki shi ne na farko. Ranar da ta ga jini na uku, shi ke nan, aure ya ƙare.

Na ga na farko kwana goma da saki.

Na ga na biyu.

Nawa kuma ba ya saɓa lokaci, kwana ashirin da shida ne. Shekara huɗu ina bin sa da kuka, na san shi sarai.

Saura kwana shida.

In ya wuce, sai da sabon ɗaurin aure. Sai an nemi yardar Baba, sai dangin Nu'uman sun zo neman aure kamar farko. Wa zai zo? Hajiya? Yaya Halima?

*

Na kira shi sau tara ranar. Ba a ɗauka ba. Na rubuta saƙo na goge. Yaya ake rubuta irin wannan? Baba kuma ko da wuƙa a wuyana ba zan iya buɗe baki in yi masa lissafin al'adata ba.

Kwana uku na ɓata ina jiran ya ga kiran ya biyo. Ya gani, na sani. Alƙawari ya yi wa kansa ba zai ji muryata ba sai da takarda a hannu.

Rana ta huɗu na tashi da ɗan ciwon baya.

Na san wannan ciwon.

Bayan la'asar na saka hijabi na ce wa Baba zan je Gobarau, unguwar su Nu'uman. Ya dube ni.

"A dawo lahiya," kawai ya ce.

A tsakar gida na tarar da Hajiya, mahaifiyar Nu'uman, tana dama fura. Yaya Halima tana gefe tana yanke farce. Na durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ina wuni."

"Lahiya." Ba ta ɗago ba.

"Ikon Allah!" in ji Yaya Halima. "An manta wani abu ne a cikin kaya? Ai har tsintsiya mun sa maki."

"Wajen shi na zo."

"Wajen wa? Ke ba ki da kunya? Namiji ya ce ba ya yi, ki biyo shi har gidan uwarshi?"

Ban kalli Yaya Halima ba. Hajiya na kalla.

"Hajiya, har yau ni matarshi ce. Iddata ba ta cika ba. Ina roƙon ki ba ni izini."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Shekara huɗu, ina jin wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi mata.

Ta nuna ɗakin soro da haɓa.

"Hajiya!" in ji Yaya Halima.

"Ke tahi gidanki, Halima. Marece ya yi."

Na ɗaga labule da sallama.

Yana zaune a kan darduma, ya ba ƙofa baya. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya ji muryata bai juyo nan da nan ba, sai da kafaɗunsa suka sauka.

"Ummu... Don Allah mi ya sa kika zo?"

"Ka yi kuskure a lissafi, Injiniya."

Ya juyo. Idanunsa sun faɗa.

Ga kalandar a bango, ga jan da'irar. Na kalle ta don kar in kalle shi, na faɗa masa. Tsarki uku, ba wata uku ba. Na farko, na biyu. Kunya kamar ta kashe ni, amma ban tsaya ba.

"Jibi ne. Wataƙila ma gobe."

"Gobe?" Ya miƙe tsaye. "A'a! Kwana casa'in ne! Na ƙirga!"

"Ka tambayi duk malamin da ka so."

"Amma gwajin... Likita ya ce sai an cika wata uku kafin sababbi su fito. Ko na je gobe ba abin da za a gani! Ummu, saura wata guda!"

"Na sani."

"To ya zan yi?"

"Ka zaɓa ba tare da takarda ba."

Ya dafe kai yana zagaye ɗan ɗakin.

"In bai gyaru ba fa? In har abada ne? In tsare ki ki tsufa ba ki ji an ce maki Umma ba? Kin san yadda kike kallon ɗiyan maƙwabta? Ni na sani! Ina ganinki!"

"Ka tambaye ni?"

Ya tsaya.

"Ka ɓoye min wata biyar, ba ka tambaye ni ba. Ka sake ni, ba ka tambaye ni ba. Ka zagaye rana a kalanda, ba ka tambaye ni ba. Ina son ɗa, Nu'uman. Wallahi ina so, har cikin ƙashina. Wataƙila wata rana in yi kuka a gabanka saboda shi, kuma sai ka jure. Amma kwana sittin na yi a gidan Baba, ban yi kukan ɗa ko sau ɗaya ba."

Muryata ta karye.

"Kai nake wa kuka."

Ya durƙushe a gabana kamar an zare masa ƙashi. Ya kama bakin hijabina ya kifa fuskarsa a kai.

"Ummuna... Rayuwata... Ban cancanta ba."

"Ba ka cancanta ba. Ka faɗa dai."

Ya ɗago, hawaye har gemu.

"Na mayar da ke. Allah Ya shaida na mayar da ke ɗakinki, ko za a samu ko ba za a samu ba."

Na lumshe ido. Wani abu da ya tokare min ƙirji wata biyu ya sauka a hankali.

Amma ban gama ba.

"Saura ɗaya."

"Faɗi, ko mene ne."

"Ba zan ƙara shan jarka ba. Kuma ba ni zan faɗi dalili ba."

Na ga tsoron nan ya dawo fuskarsa, shi dai wanda na gani ranar Juma'ar nan. Na ce a raina, in ya sunkuyar da kai yanzu, na koma gidan da na baro, ba abin da ya canja.

Ya share fuska da hannun riga. Ya miƙe. Ya nufi ƙofa ya yaye labulen da ƙarfi.

Hajiya tana tsaye a wurin, da kwanon fura a hannu.

Ban san tun yaushe ba.

Suka kalli juna. Ya durƙusa a bakin ƙofar, amma bai sunkuyar da kai ba.

"Hajiya, ni ne. Ba ita ba ce, ba ta taɓa shan komi ba. Likita ya gwada ni tun watanni bakwai, matsalar a jikina take. Na sani na yi shiru, na bari kuka yi ta ba ta magani, na bari aka ɓata mata suna. Ta sani ita ma, ta rufa min asiri har yau. Na mayar da ita. In za a yi fushi, da ni za a yi."

Kwanon ya ɗan karkata, fura ta zubo a kan yatsunta. Ba ta lura ba.

Ta daɗe tana kallon ɗanta. Sannan ta ɗago ta kalle ni, ta bi ni da ido tun daga fuska har wuyan hannuna da ya zama kamar kara. Leɓenta ya motsa. Na jira.

Ba abin da ya fito.

Ta sunkuya a hankali, da dafa gwiwa, ta ajiye kwanon a cikin ɗakin, ta tura shi gabana. Ta kama labulen da ya yaye ta sake shi, ta gyara gefensa har ya rufe ƙofar ruf.

Ta ƙasan labulen na ga ta zare takalmanta ta ɗauka a hannu.

Ko takunta ba mu ji ba.